Gwanjo ya rufa min asiri, kuma ni kam ba na jin kunyar faɗa

Wata ranar Litinin ce cikin watan Janairu, irin safiyar nan da hazo ke rufe hanyar Samaru a nan Zariya har sai mai keke ya kusa taka ki kafin ki gan shi, na saka wata doguwar kot mai ruwan ƙasa a kan atamfata na yafa gyale kalar madara na tafi aiki. Ina shiga ofis wata babbar ma'aikaciya da duk muke ce wa Anti ta kalle ni sama da ƙasa tace "ke 'yar nan wa ya je miki Dubai?" Nace Anti ko Kaduna babu wanda ya je min, a Sabon Gari na tono ta cikin tulin gwanjo, N3,500, har mai kayan ya yi min gyaran safa. Wallahi sai da ta waiga ta ga ko akwai mai jin mu sannan ta rage murya tace "to ai ba a faɗa, sai ki ce tsaraba aka kawo miki." Dariya na yi na wuce kujerata, amma maganar ta tsaya min a rai har aka tashi.

Ba a faɗa. Haka muka taso kuwa. Muna yara duk shekara sanyi na fara kaɗowa Mama za ta shiga Sabo ta dawo da baƙar leda cike da suwaita da hular sanyi da safa, ta jiƙa su cikin bokiti da daddare yadda maƙwabta ba za su gani ba, ta shanya su a bayan ɗaki. In aka tambaye mu a makaranta sai mu ce Kawu ne ya aiko daga Legas. Abin dariyar shi ne duk ajin namu kowa da Kawunsa na Legas, kuma duk suwaitocin warinsu ɗaya, warin nan na dilar gwanjo da ko an wanke sau uku sai hanci ya tsinkayo shi. Akwai wata yarinya da ta taɓa ce min kayan matattun Turawa nake sakawa, na koma gida ina kuka, Mama tace ki bar ta, uwarta a gabana ta taya suwaitar da ke jikinki aka ce mata albarka.

Sai da na shiga jami'a na fara shiga gwanjo da ƙafata. Kuɗin da ake ba ni na wata in na cire na abinci da na fotokwafi da na mota abin da ya rage ko ɗinkin atamfa ɗaya ba zai biya ba, ga shi kullum sai an fita lakca, ga 'yan mata kowa na sauya kaya kamar ana gasar wanka. Wata ƙawata 'yar Wusasa ce ta ja hannuna wata Asabar da sassafe, ita ce malamata ta farko a wannan harka, kuma karatun farko da ta ba ni shi ne kar ki sayi komai yau, ki taɓa kawai. Na ji haushi don da 'yan kuɗina na zo, amma yanzu na gane, hannu ne ke sayen gwanjo kafin ido.

Toh bari in faɗi yadda abin yake ga wadda ba ta taɓa shiga ba. Kayan a dila suke zuwa, an matse su da inji an naɗe da buhu an ɗaure da ƙarfe ko igiyar roba, akwai mai kilo 45 akwai mai 55 akwai babba mai 100, kuma kowace dila da irin nata, wannan rigunan mata zalla, wannan jins, wannan kayan yara, wannan zanin gado da labule. Mai shi ma bai san abin da ke ciki ba sai ya yanka, shi ya sa suke cewa dila sa'a ce. Ranar da aka fasa ita ce ranar, a lokacin ne ake zaɓen farko, masu shago da masu tallatawa a WhatsApp da Instagram su ne ke fara dira a kai tun mai kayan bai gama zazzagewa ba, su kwashe masu kyau su je su wanke su goge su rataya a hanga su ɗauki hoto su ninka kuɗi. Ba na ganin laifinsu, sana'a ce, amma ni tunda Allah ya ba ni ƙafa kuma daga gidanmu zuwa Sabo mota ɗaya ce, gara in je da kaina. Kowane mai dila da ranar da yake fasawa, in kika zama kwastoma shi da kansa zai kira ki, nawa dattijon yakan ce min "Hajiya gobe in Allah ya kai mu ki zo da wuri, na san ba za a rasa rigan da zai yi miki ba." Eh rigan, ku bar mu da Zazzagancinmu.

Zaɓen farko ya fi tsada, wannan gaskiya ne. In aka kwana biyu kaya sun sha juyi sai farashi ya sauka, daga ƙarshe a zube ragowar a ƙasa kan leda ana kiran kuɗi ɗaya kowanne. Nan ma ba a raina shi, kot ɗin da Anti ta yaba a irin wannan tulin na same ta, an bar ta ne saboda maɓalli biyu sun fita kuma shafin cikinta ya ɓarke a aljihu, aikin da telana ya yi cikin minti ashirin.

Abin da nake yi in na ɗaga riga, da farko ina dunƙule yadin a tafin hannu in matse in saki. Auduga da lilin za su ɗan yamutse kuma za ki ji sanyinsu a fata, na roba kuwa zai miƙe sumul kamar ba a taɓa shi ba yana wani sheƙi, wannan in kika saka shi a zafin watan Afrilu na Zariya sai kin gwammace kiɗa da karatu, gumi ba ya fita, warin jiki ya zauna a ciki. Sai in juya cikinta in nemi 'yar takardar nan da ke gefen ɗinki, a nan ake rubuta abin da aka saƙa yadin da shi. Daga nan in fito da ita rana, dole a rana, don cikin rumfa duhu ne kuma duhu abokin mai sayarwa ne. In duba hammata ko ta yi rawaya, in duba bayan kwala da bakin hannu, in ɗaga ta sama in ga ko haske na ratsa wasu ƙananan huji da asu ya ci, musamman suwaitar ulu, in ja zif sama da ƙasa sau biyu, in ɗan ja ɗinkin gefe in ji ko zaren ya mutu. Tabon mai ko na biro ko na tsatsa ina ajiyewa ko da kyauta ne, na sha wahalar su, ba sa fita, duk wanda ya ce miki ai da lemon tsami zai fita ki ce masa ya fitar ya kawo ki saya.

Maganar lamba kuwa kar ma ki ɗauka. Lamba 12 ta Ingila wajen 8 ce a ta Amurka, kayan da suka fito daga Sin da Koriya kuma nasu ƙanana ne, abin da aka rubuta babba a jiki sai ki ga ko ƙanwarki ta sakandare bai shiga ba. Mata da yawa ƙugun siket ko wando suke zagayawa a wuya, in ya haɗu wai zai shiga, ni dabarar nan ta sha yaudarata don Allah ya hore min ƙugu, saboda haka tef nake sakawa a jaka, na san awon kafaɗata da ƙirji da ƙugu da tsayin da nake so, in auna a wajen ba ruwana da masu kallo.

Sai dai duk wannan duba-duba ne, kowa zai iya koya cikin wata ɗaya. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne gane cewa araha ba dalili ba ce. Akwai lokacin da durowata ta cika har ba ta rufuwa amma kullum da safe ina tsaye ina cewa ba ni da kaya, riga ja mai ɗigon fari, riga mai fulawa shuɗi, siket mai ratsin damisa, kowanne kyakkyawa shi kaɗai amma babu biyun da za su zauna tare, kamar kishiyoyi. Na kwashe su buhu guda na raba wa ƙannena da 'yar aikin maƙwabta, na zauna na zazzage atamfofina da leshina da gyaluluwana a kan gado na kalle su da kyau, sai na ga ashe ni kalolina sanannu ne, ruwan ƙasa, kore mai duhu, ruwan goro, kalar madara, shuɗi mai duhu. Tun ranar na yanke wa kaina doka, duk abin da zan ɗauka a gwanjo sai na lissafo abu uku a gida da zan saka shi da su, in biyu kawai na tuno a ajiye. Kuma mara ado nake saye, don atamfarmu ta riga ta cika surutu, abin da take buƙata a kusa da ita mai shiru ne. Farar shet mai kauri a kan zanin atamfa da ɗankwalinsa, a ɗora gyale, wallahi an gama. Baƙin siket dogo mai nauyi wanda iska ba ta ɗagawa, a sama rigar atamfa, shi ma an gama.

Shet ɗin ma a layin maza nake saye yawanci. Ta fi faɗi, ta fi tsayi tana rufe abin da ya kamata ta rufe, yadinta kuma ya fi na mata kauri, don rigunan matan Turawa da yawa sharara ne ko kuma gajeru ko babu hannu, ba don mu aka ɗinka su ba. In kina son gane ta maza ce ki duba maɓalli, na maza a dama yake na mata a hagu, wani tsohon mai gwanjo ne ya nuna min, har yau kuma babu wanda ya taɓa tare ni ya ce maɓallinki a dama yake.

Yanzu ga inda zancen yake, tela. Duk mai shiga gwanjo ba ta da tela rabin aiki take yi. Nawa wani bawan Allah ne a Tudun Wada, ɗan ƙaramin shago keke biyu, ba ya cikin telolin da ake rububi lokacin Sallah, kuma shi ya sa nake samun kansa. Farkon da na kai masa kayan gwanjo sai da ya ɓata rai yace "Malama ni fa ɗinki nake yi ba faci ba," nace Malam ka dai gwada wannan ɗaya, in bai yi ba na haƙura. Wata doguwar riga ce shuɗiya ta auduga, kyau kamar me amma a gwiwa ta tsaya kuma hannunta guntu. Na haɗa masa da ragowar wata atamfata da ta yi saura daga ankon bikin 'yar yayata, ya ƙara mata tsayi har idon sawu da atamfar, ya yi mata dogon hannu ya bi bakin wuyan da siririn layi. Da na je karɓa shi da kansa ya rataye ta a ƙofar shago yana kallo, yanzu in na kwana biyu ban zo ba cewa yake Malama ko an daina fasa dila ne. Shi ya koya min abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa, ƙugu ana ragewa, tsayi ana ragewa ana ƙarawa, maɓalli da zif ana sauyawa, amma kafaɗar kot in ta yi miki yawa ki bar musu abarsu don sai an warware ta gaba ɗaya kuma da wuya ta koma daidai. Kuma kullum babba ake saye a rage, ƙarami babu inda za a samo masa yadi. Maɓalli kaɗai ma yana sauya riga, ki cire na robar nan masu sheƙi ki saka masu duhu ko na katako ki ga yadda za ta yi tsada a ido.

Ga wani sirri da ban cika faɗa ba, zanin gado. A dilar zanin gado ake samun auduga tsantsa mai faɗi mai laushi da yanzu in kika je neman irinta a yadi sai kin riƙe baki, na sayi guda biyu marasa ado ya ɗinka min dogayen riguna na zaman gida da fita kusa, ɗaya har na kai ta cikin birni wajen masu aikin hannu aka yi mata ɗan aiki a wuya da zare kalar goro. Kun san dai Zariya ba a koya mana aikin allura, masu aikin babbar riga da hula suna nan cikin ganuwa tun kaka da kakanni. Rigar nan na saka ranar sunan ɗan ƙawata, mata uku suka tambaye ni sunan yadin, nace sunansa zanin gado, suka ɗauka wasa nake.

Wanki kuma ba na wasa da shi. Daga kasuwa kayan ba sa shiga ɗaki, a tsakar gida ake zazzage su, in jiƙa da ruwan ɗumi da omo da ɗan Dettol su kwana, masu launi daban farare daban don na taɓa haɗa wata jar riga da farar shet na wayi gari da shet kalar hoda. Suwaitar ulu banda ruwan zafi, tsukewa take ta koma ta jariri. In wanke sau biyu, in shanya a rana sosai a juye, in bi da guga mai zafi, sannan in kifa su a kabbasa su sha turaren wuta. Bayan wannan duk wanda ya ce ya ji warin gwanjo a jikina sharri ne. Kayan ciki dai ba na saye, ko an ce sabo ne da takardarsa, wannan ra'ayina ne kuma ba na sauyawa. Takalmi ina saye amma sai na lanƙwasa ƙasansa na gani, don akwai wanda ya daɗe a ajiye robar ta mutu, ya taɓa faruwa da ni a gidan biki, ina tafiya ƙasan takalmin na marmashewa kamar biskit, da silifas ɗin banɗakin gidan na koma gida. Jaka kuwa in ta fara ɓawo ko kaɗan ne ba fata ba ce, za ta ci gaba da zuba har a jikin gyalenki.

Ciniki ba ni da wata dabara ta musamman, ina yin sallama in gaishe da mutum in tambayi kasuwa, ba na nuna wadda raina ya fi so, in haɗa uku ko huɗu in taya gaba ɗaya, in aka ce albarka in ƙara kaɗan, in aka sake cewa albarka in yi godiya in juya a hankali yadda zai samu damar kira na. Wulaƙanta kayan mutum don a rage miki kuɗi kuwa ban iya ba kuma ban ga yana aiki ba, ranar fasa dila wadda ta iya gaisuwa ake kira.

Amma fa gwanjon ma yanzu ba na talaka ba ne sosai, wannan kowa ya shaida. Kayan nan a takarda suna cikin waɗanda kwastam ta haramta shigo da su ƙasar nan, da yawansu ta Kwatano suke sauka sannan su san yadda suka yi suka tsallako, har su iso Kofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna da mu nan Sabo. Shi ya sa da aka rufe boda a watan Agustan 2019 'yan gwanjo suka ji a jikinsu mu ma muka ji, sai ƙarshen 2020 aka buɗe, ba a gama farfaɗowa ba 2023 ta zo aka cire tallafin mai aka saki naira, dala ta tashi kuɗin mota ya tashi, dila ta bi su. Dattijona yakan ce da kuɗin dila ɗaya na yanzu da can shago yake cikawa. Kuma kayan ma sun sauya, da za ki ɗaga riga ki ji nauyi a hannu, yanzu rabin tulin irin yadin robar nan ne marar ƙwari da su can ma sau biyu suke sakawa su yar, sai kin tona sosai kafin ki samu na kirki.

Akwai kawuna, na gaskiya wannan karon ba na Legas ba, da ya yi aiki a masaƙa a Kakuri cikin Kaduna, in ya ga ina shanya kayan gwanjo sai ya girgiza kai yace ku ne kuka kashe mu. Yakan ba da labarin masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, da aka buɗe a 1957, yadda in an tashi aiki titi ke cika da kekuna, da yadda audugar da ake nomawa a ƙasar Zazzau da Funtuwa ke tafiya can ta dawo yadi, har aka zo aka rufe ta a 2002. Ina ce masa Kawu rashin wuta da yadin waje da ake fasa-ƙwaurinsa ai sun fi suwaitata laifi, yace duk kanwar ja ce. Ba na iya musu da shi sosai don akwai gaskiya a maganarsa, kuma idonsa yakan kawo ruwa in yana faɗa. Sai dai hular sanyin da ke kansa lokacin da yake wannan faɗan ni na sayo masa ita a Sabo, ya sani kuma, bai taɓa cirewa ba.

Anti kuwa, bayan kamar sati biyu da maganar kot, ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa tace wai ɗanta zai tafi bautar ƙasa Jos an ce sanyin can ba irin namu ba ne, ko zan duba masa jaket mai kauri in na shiga, amma don Allah kar in ce ita ta aiko. Nace Anti Asabar za a fasa dilar jaket, ki shirya ƙarfe bakwai in biyo ta Kwangila mu tafi tare, tace a'a ita ina, wa zai gan ta a can. Asabar ɗin ina tsaye ina jiran mota sai ga ta da zumbulelen hijabi da takunkumi a fuska wai saboda ƙura. Jaket ɗaya muka je saye, da leda uku ta fito, har da labulen falo, kuma ita da tace ba ta iya ciniki ba sai da ta sa mai kayan ya yi mata gyaran safa biyu. A mota muna dawowa ta zaro wata kot mai ruwan toka tana juyawa tace kafaɗar kamar ta ɗan yi mata yawa ko, nace Anti ai na faɗa miki a can ki ajiye ta, tace to ki dai ba ni lambar telan nan naki na Tudun Wada.